Inda za a bar ƙaramin kare a Legas idan tafiya ta kama

Da Sallah ta matso, ko aka fara jigilar maniyyata, ko Disamba ta kama, masu ƙaramin kare a Legas sai su shiga neman inda za su bar shi. Ɗaukarsa a mota zuwa Kano ko Jos ko Kaduna, hanyar da ke cin yini guda har da dare, wahala ce gare shi da mutanen motar, kuma ba kowane gidan dangi ne zai karɓi baƙo da kare ba. Abin da ake samu a garin nan iri uku ne. Akwai wuraren kwanan karnuka da ake biya kowane dare, da yawansu haɗe da asibitin dabbobi mai zaman kansa, a Lekki, Ikoyi, Ikeja, Surulere, Ajah da makamantansu. Akwai masu zuwa gida su ciyar su duba, waɗanda galibi a Instagram ko WhatsApp ake samunsu. Sai kuma barin shi a hannun maigadi ko mai aikin gida. A ganinmu wurin kwana na asibiti shi ya fi dacewa da lafiyayyen kare wanda allurarsa ta cika, amma sai an je an gani da ido, domin da yawa daga wuraren nan manyan karnukan gadi aka gina wa, ba ɗan ƙaramin kare irin Lasa mai kilo 5 ba.

Karnukan da muke nufi su ne irin su Lasa, Eskimo, Pomeraniya, Maltis, Shizu da Ciwawa, masu nauyin kilo 2 zuwa 10. Jikinsu ba shi da ajiya. Amai da zawo na yini ɗaya, wanda babban kare zai shanye ya miƙe, yana iya ƙarar da ruwan jikin ƙarami har sai an ɗaura masa ruwa. Ɗan kwikwiyon da bai kai kilo 2 ba, idan ya ƙi cin abinci na wasu awoyi, sukarin jininsa na iya faɗuwa ya fara layi. Cizo ɗaya daga babban kare, ko da wasa ne, ya isa ya karya masa haƙarƙari. Da wannan ma'aunin muke auna kowane wuri, ba da kyan ɗakin karɓar baƙi ba.

Gwajin farko tun a waya ake yinsa. Ka kira ka ce kana son kawo kare na mako biyu, ka saurari abin da za su fara tambaya. Wurin kirki zai nemi katin rigakafi kafin a yi maganar kuɗi. Wanda ya ce maka "kawo shi kawai, ba matsala", to haka ya ce wa duk wanda ya riga ka, kuma kejin da za a sa naka ba ka san wanda ya kwana a ciki jiya ba. Abu biyu ya kamata katin ya nuna, kowanne da kwanan wata da sa hannun likita da takardar kwalbar a manne: allurar da ake rubuta wa DHLPP, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar ciki har da parbo da ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, sai allurar ciwon haukan kare, wadda a nan ake maimaita ta kowace shekara. Allura tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta kama jiki, don haka wadda aka yi ranar da aka kai karen ba ta tsare shi daga komai a kwanakin farko. Idan ta kusa ƙarewa, a sabunta ta aƙalla kwana 14 kafin tafiya. Kwikwiyon da bai gama jerin allurarsa ba, wato wanda bai kai mako 16 ba, kada a kai shi wurin kwana ko da a ce kyauta ne. Parbo amai take sawa da zawon jini mai wari, tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba.

Saboda wannan ne muke tambayar da me suke wanke keji. A wurare da dama za ka ji ƙamshin Izal ko Dettol tun daga bakin ƙofa, ka ɗauka an gama tsabta. Waɗannan ba abin dogaro ba ne a kan parbo. Abin da ke kashe ta shi ne bilic, irin su Hypo ko Jik, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, bayan an kwashe kashi an wanke da sabulu, a bar shi ya yi minti 10 a kan daɓen, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin kare ya shiga. Ma'aikacin da ke wankin yau da gobe ka tambaya, ba likita ba. Idan ya iya faɗa maka awon, wurin yana da tsari.

Daga nan sai ka nemi a kai ka baya, inda karnukan suke kwana, kuma ka je ba tare da ka sa rana ba. Wanda ya hana ka shiga, ko ya nuna maka hoto a waya maimakon ya buɗe ƙofa, ka nemi wani wurin. Da ka shiga, ka durƙusa ka haska tocilan ɗin wayarka a tsagar bango, da inda ƙarfen keji ya shiga siminti, da kusurwar sama wajen rufi. Kaskar kare mai ruwan ƙasa ba a ciyawa kaɗai take ba, a irin waɗannan tsagogin take ɓuya ta yi ƙwai, kuma tana hawa bango. Idan tana nan za ka ga ƙananan ɗigo kamar ƙwayar riɗi suna motsi, ko wata ƙosasshiya mai launin toka ta lafe a lungu. Kaska ita ce babbar matsalar wuraren kwana a Legas, don zafi da laima ba sa barinta ta huta duk shekara. Jinin da take sha ba shi ne abin tsoro ba, zazzaɓin da take sawa ne, wanda ke farfasa jinin kare har dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Sau da yawa ba ya bayyana sai mako ɗaya zuwa uku bayan cizon, lokacin karen ya riga ya dawo gida.

Kada ka jira su ba da maganin kaska. Kai za ka bayar, kwana biyu ko uku kafin a kai shi: ƙwaya irin ta NexGard ko Simparica da ke aiki wata guda, ko Bravecto mai mako 12. Bisa nauyi ake sayensu, don haka a ɗora karen a sikeli, kada a yi kintace, kuma wanda bai kai kilo 2 ba sai abin da likita ya ce. Ka kuma faɗa musu ƙarara cewa ba ka yarda a yi masa wanka da maganin kaskar shanu ba. Wannan ruwan da ake damawa a bokiti yana yi wa ƙananan karnuka yawa, musamman Ciwawa, sai ka ga kare ya yi laushi yana ta barci, jikinsa ya yi sanyi. Sniper da fiya-fiya kuwa guba ne, ba a kusantar da su jikin kare ko wurin kwanansa.

Sai maganar wuta da iska, wadda a nan wuraren suka fi bambanta. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma idan iska ta cika da laima kamar ta Legas a watan Fabrairu zuwa Afrilu, hakin ba ya yin aiki sosai. Masu gajeren hanci da yawan gashi, irin su Shizu da Lasa, su suka fi shiga haɗari. Kusan kowane wuri zai nuna maka fanka ko esi da rana. Tambayar ita ce ƙarfe nawa ake kashe janareta da dare, kuma idan an kashe, akwai inbata ko sola da ke riƙe fanka har asuba? Ɗakin da aka gina don esi, mai gilas a rufe ba tagar iska, ya fi rumfa mai raga haɗari idan wuta ta ɗauke. Mu dai mun fi amincewa da ɗaki mai tagogi biyu masu kallon juna, da ragar sauro, da fankar sama, a kan ɗakin esi da ba shi da madadin wuta. Ka duba kuma inda janaretan yake. Idan bakin hayaƙinsa yana kallon kejin, ko suna cikin lungu ɗaya, wannan hayaƙin yana kashe dabba kamar yadda yake kashe mutane a ɗaki.

Ka tsaya minti biyar ka saurara. Idan kejin da za a ba ka yana tsakanin manyan karnuka biyu masu haushi ba tsayawa, ɗan naka ba zai ci abinci ba, ba zai yi barci ba. Wurin da ya san aikinsa yana ware ƙanana a ɗaki dabam, da bango na gaske a tsakani, kuma ba ya sakinsu tare da manya a fili ko na minti ɗaya. Ka sa yatsu a tazarar ƙarfen keji da ƙasan ƙofa: inda kan kare ya wuce, jikinsa zai bi. Tunda asibiti ne, ka tambayi inda ake kwantar da marasa lafiya. Amfanin ajiye kare a asibiti shi ne likita na kusa, illarsa kuma ita ce duk mai amai da tari nan ake kawo shi. Dole masu jinya su zama a wani ɗakin, da kwanukansu da tsintsiyarsu dabam. Idan fili mai yashi ne ake sakinsu, a lura da damina, don akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa ko a tsumma mai danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Daɓen siminti da ake wankewa ya fi. A Lekki da Ajah kuma ka dubi bangon waje ko akwai shatin ruwa, domin ruwan Yuni da Yuli yana cika wasu layukan har cikin gidaje.

Wa ke kwana a wurin? Wasu wuraren da zarar an tashi aiki da yamma sai a kulle, ba kowa sai maigadi a get, ranar Lahadi ma haka. Ga babban kare lafiyayye wannan ba lallai ya zama matsala ba. Ga ƙarami, awa 12 ba ido a kansa yana da yawa.

Kuɗi kowane dare ake lissafawa, kuma yakan bambanta da unguwa da girman kare. Kafin ka ba da kafin alƙalami a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: abinci, wanka, fitar da shi, ba da magani, da abin da za a caje ka idan ka ƙara kwana, don mai zuwa Hajji ko gida ba kullum yake dawowa ranar da ya sa ba. A rubuta kuma iyakar kuɗin jinyar da za su iya kashewa ba tare da sun jira izininka ba. Lokacin Disamba da Sallah wurare masu kyau suna cika da wuri, a kama wuri tun saura makonni. Sunan likitan da ke da wurin ma a tambaya, kuma ya kasance mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, domin ba duk mai farar riga a shagon kayan karnuka ne likita ba.

Abinci kuwa, ko sun ce yana cikin kuɗin, kai nasa daga gida. Canza wa kare abinci rana ɗaya zawo yake kawowa, canjin da ya dace mako guda yake ɗauka ana gaurayawa kaɗan-kaɗan. Kare mai kilo 4 zuwa 5 yakan ci kamar giram 70 zuwa 100 na busasshen abinci a yini, gwargwadon abin da aka rubuta a buhun, a raba safe da yamma. Ka auna na kowane ci ka ƙulla a 'yar leda, ka rubuta rana a jiki, ka ƙara na kwana uku. Da haka ba wanda zai cika masa kwano don tausayi, kuma ledojin da suka rage za su nuna maka ko ya ci. Ruwa kamar mililita 50 zuwa 60 ne a kan kowane kilo a yini, fiye da haka in ana zafi, sai dai ba a auna masa, a bar kwano cike kullum. Ka haɗa da shimfiɗarsa da ba a wanke ba, da ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya, saboda maƙogwaron ƙananan karnuka ba ya jure fizga. Idan karya ce, ka lissafa lokacin da take neman namiji, wanda ke zuwa kamar sau biyu a shekara ya yi mako biyu zuwa uku. In ya faɗo cikin tafiyar, ka sanar da su, don idan babban kare ya hau ƙarama, haihuwar na iya zama sai da tiyata. Inda hali ya yi, a kai shi ya kwana ɗaya tun kafin tafiyar a ga yadda zai dawo.

Masu zuwa gida suna da nasu amfanin: kare yana wurin da ya sani, ba kaskar wani, ba tarin wani. Ga tsoho, ko mai tsoro, ko kwikwiyon da bai gama allura ba, wannan ya fi. Rauninsu a Legas hanya ce. Wanda ke zaune a Agege ya ce zai riƙa zuwa Ajah sau biyu a yini, ya hau Gadar Third Mainland safe da yamma, ba zai iya ba, komai kyan niyyarsa, ran da aka yi ruwa kuwa ba a magana. A nemi na cikin unguwa, wanda zai iya zuwa da ƙafa. Zuwa sau ɗaya a yini bai isa ba, aƙalla biyu, kowanne da hoto ko ɗan bidiyo da ke nuna kwanon ruwa da karen yana tafiya. Kuma mabuɗin gidanka za ka ba mutum, don haka sai wanda wani da ka sani ya tsaya masa, a kuma gabatar da shi ga masu tsaron get. Fiye da mako guda ba ma son wannan tsarin idan ba mai kwana a gidan, domin kaɗaici na sa irin waɗannan karnuka su daina ci.

Barin shi da maigadi shi ne abin da aka fi yi, kuma yana iya fin duka kyau ko ya fi duka muni. A gidajen Ikoyi da Lekki da yawa masu gadin mutanenmu ne, wasu ba su taɓa riƙe kare ba, wasu kuma ba sa son yawunsa ya taɓa tufafin da suke salla da su, amma nauyin maigida ba zai bar su su ce a'a ba. A tambaye shi a keɓe, da mutunci: "Malam, tsakani da Allah, za ka iya ɗaukarsa in ta kama? In ba za ka iya ba, ba komai, sai mu yi wata dabara." Idan ya ce, "Ranka ya daɗe, zan ba shi abinci da ruwa, amma ɗauka kam da wuya," to ya faɗi gaskiya, sai a haɗa shi da wani mai zuwa. Idan ya karɓa, aiki ne aka ƙara masa, a biya shi dabam, a ba shi safar hannu da kuɗin kati da na mota zuwa asibiti.

Abin da ke cutar da kare a hannun maigadi galibi kyautatawa ce. Zai ba shi ragowar tsire ko shinkafa da miya, alhali albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. Kitsen naman Sallah yana kawo amai da ciwon ciki mai tsanani. Goro, cakulan, inabi da zabibi duk haɗari ne, ɓarin goron da ya faɗi ƙasa ba ƙaramin abu ba ne ga kare mai kilo 3. Idan ya ga jikinsa da zafi zai iya ba shi farasitamol ko ibuprofen, waɗanda ke taɓa hanta da ƙoda. Duk wannan a faɗa masa da Hausa, a yi masa saƙon murya ya ajiye a waya, kada a dogara da takardar da aka manna a bango da Turanci. A kwashe maganin ɓera daga tsakar gida. A Disamba kuma, da yara suka fara fasa nokawut, wato abin wasan wutar nan mai ƙara, a shigar da shi ciki tun magariba, a sa shi a igiya duk lokacin da za a buɗe get, domin a firgice suke fita su ɓace, wasu kuma a ɗauke su.

Ko wa aka bar wa, a ba shi lambar likita da ta wani ɗan'uwa da ke cikin gari, sannan a gaya masa alamun da ba a jira a kansu: amai sama da sau biyu, zawo da jini, ƙin abinci yini guda cur, dasashi fari, ko layi. Zafin jikin kare daidai shi ne digiri 38 zuwa 39.2 na ma'aunin Selshiyas, in ya kai 40 akwai matsala. Idan yana haki ba tsayawa, harshe a waje, yawu na dalala, a jiƙa shi da ruwan famfo, a sa shi gaban fanka, a kama hanyar asibiti a jiƙe. Ɗan ƙaramin da ya yi laushi don yunwa a shafa masa zuma kaɗan a dasashi kafin a tafi, kada a ɗura masa komai. Idan kuma ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a je asibiti da katin allurarsa a ranar, a kuma sa wa karen ido kwana 10.

Ranar ɗauko shi, kafin a bar wurin, a buɗe cikin kunnuwa, a duba tsakanin yatsu da hammata da ƙarƙashin wutsiya, a ɗaga leɓe a ga launin dasashi, a shafa jiki ko akwai ƙurji ko gashi da ya cuɗe. A ɗora shi a sikeli a kwatanta da nauyin ranar da aka kawo shi. Barci mai yawa na kwana ɗaya ko biyu bayan dawowa ba komai ba ne. Busasshen tari mai kama da shaƙewa, ko kasala da ƙin abinci cikin mako uku na farko, shi ke buƙatar likita, kuma a gaya masa inda karen ya kwana da ranakun, don ya san ko zai ɗebi jini ya duba zazzaɓin kaska.